Jikinka Baƙo Ne, Kai Kuwa Ɗan Gida

Ƙannena maza da mata da ke karatu a ƙasashen waje, da waɗanda suka je neman abin kai na ɗan lokaci suka juyo, da ku nake. Jami'o'in Masar da Turkiyya da Ingila da Sin sukan rufe a watan Yuni ko Yuli, su sake buɗewa a Satumba ko farkon Oktoba. Duk wanda Allah ya hore wa kuɗin jirgi a cikinku, a wannan tsakanin yake sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, ko Abuja, ko Yamai, ya tarar da gari jiƙe sharkaf. Hutunku ya faɗo daidai tsakiyar damina, damina kuwa a ƙasarmu ba lokacin hutu ba ce. Lokacin noma ne, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kafin sabon gero ya nuna, lokacin da kwatoci ke tumbatsa, sauro ya yi yawa, gadajen asibiti su cika da masu zazzaɓi. Cikin wannan hali kuke shigowa da akwatunanku.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani juyin al'amari da nake gani a wajen da yawa daga cikinku, kuma yana damuna ƙwarai. Inda ya kamata mutum ya zama ɗan gida, sai ya mai da kansa baƙo: yana ɗaki da waya a hannu, a kai masa abinci, a wanke masa kaya, a je gona a dawo yana barci. Inda kuma ya zama baƙo na gaskiya, wato a jikinsa, sai ya ce ai nan aka yanke masa cibiya, ya ƙi gidan sauro, ya sha duk ruwan da aka miƙo masa. Ni so nake ku juya abin. Jikin ne ya kamata a lallaɓa, hannun kuma a saka shi cikin harkar gida tun daga washegarin sauka.

Bari in fara da jiki, domin shi ne yake iya kai mutum kushewa cikin mako guda. Wanda ya tashi a Kano ko Gusau ko Maraɗi, sauro ya cije shi ba adadi tun yana goye. Kowane zazzaɓi da ya yi ya warke yakan bar masa 'yar kariya a jini. Kariyar ba ta hana kamuwa, amma tana rage wa cutar ƙarfi, shi ya sa babba a wajenmu yakan kwanta kwana biyu ya miƙe, alhali yaro ɗan shekara biyu yana iya kaiwa ga suma da jijjiga. Sai dai cizon da ake ta maimaitawa shi ne yake riƙe wannan kariya, idan ya yanke sai ta soma sanyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Sin ta rabu da maleriya a 2021, Masar kuma a 2024, Ingila kuwa ta daɗe da mantawa da ita. Wanda ya yi shekara biyu ko uku a irin waɗannan wurare, jininsa ya saki jiki. Ga shi ya dawo Najeriya, ƙasar da, a ƙididdigar hukumar ta 2022, take ɗauke da kusan kashi 27 cikin 100 na masu maleriya a duniya, da kusan kashi 31 na waɗanda take kashewa. Irin ƙwayar da ta fi yawa a wajenmu kuma, wadda likitoci ke kira falsifarum, ita ce mafi muni a cikin danginta.

Ga yadda abin yakan zo. Makon farko lafiya lau, ana yawon gaisuwa, ana hira a ƙofar gida har dare ya raba. Cutar takan ɗauki kwana 10 zuwa 15 bayan cizo kafin ta nuna kanta, saboda ƙwayar takan fara ɓuya a hanta ta hayayyafa, sannan ta fantsama cikin jini. Don haka a mako na biyu ko na uku ne ciwon kai zai soma, da kasala, da ɗacin baki, da sanyi mai kaɗa haƙora. Mutanen gida za su ce gajiyar hanya ce, ko canjin ruwa. Da kyakkyawar niyya suke faɗa, domin da ƙarfin jiki suka san ka. Kai kaɗai ka san tsawon lokacin da ka yi ba ka ji kukan sauro a kunnenka ba. Kada ka yarda a jira kwana uku a ga abin da hali zai yi. A jikin da ba shi da kariya, falsifarum tana iya rikiɗewa cikin kwana ɗaya ta taɓa ƙwaƙwalwa, ta taɓa ƙoda, ta shanye jini.

Ranar da zazzaɓi ya soma, ranar za a yi gwaji. Akwai na ɗigon jini daga yatsa, wanda ba ya wuce minti 20, akwai kuma wanda ake dubawa a madubin likita. Idan ya nuna, maganin da ake bayarwa yanzu shi ne haɗin atimita da lumefantirin, wanda aka fi sani da Coartem da ire-irensa. Sha shida ne cikin kwana uku, na biyu awa takwas bayan na farko, kuma da abinci mai ɗan maiƙo ko madara ake shan sa domin ya ratsa jiki sosai. Abin da ya fi yawa shi ne a sha sau uku, a ji sauƙi, a ajiye sauran a kan taga don wata rana, bayan mako biyu kuma zazzaɓi ya dawo a ce wai maganin jabu ne. Kulorokwin da iyayenmu suka saba da shi, Najeriya ta daina dogaro da shi tun wajen 2005 saboda ƙwayar ta daina jin sa. In kuwa amai ya hana magani zama a ciki, ko fitsari ya yi duhu, ko ido ya yi rawaya, ko mutum ya soma surutai, to magana ta wuce kemis. Asibiti za a nufa ko da tsakar dare ne, a yi allurar atesunet.

Akwai wata takarda da kusan duk mai zazzaɓi yake dawowa da ita daga ɗakin gwaji, wai maleriya da taifot. Ku da kuka yi karatu ya kamata ku san cewa gwajin Widal da ake yi a yawancin ƙananan wurare tun 1896 aka ƙirƙiro shi, kuma yakan nuna taifot a jikin wanda ya taɓa yin ta ya warke, ko wanda wani zazzaɓi dabam yake damu. Da wannan takarda ake ɗura wa mutane magunguna masu ƙarfi da ƙarin ruwa leda-leda ba gaira ba dalili, kuɗi su tafi, magungunan kuma su riƙa rasa kaifinsu. Taifot tana nan, kuma tana huda hanji idan aka yi sakaci, amma likitan da ya duba ka shi zai yanke hukunci.

Sai ruwan sha. A damina ambaliya takan haɗa rijiya da masai, daga nan amai da gudawa ke tashi. A 2021 kwalara ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 3,500, kuma jihohin Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara suna cikin waɗanda suka fi ɗanɗanawa. Ka sha ruwan da aka tafasa ko wanda ka amince da tushensa. Idan gudawa ta kama kowa a gidan, kafin a isa asibiti a haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Na san inda nauyin yake: ka je gaida Gwaggo, ta ɗebo maka ruwan randa a kwanon sha da hannunta, ka rasa yadda za ka yi. Ka karɓa da hannu biyu, ka yi godiya, ka ce mata cikinka bai gama sabawa ba tukuna. Tsofaffi sun san wannan, ba za ta riƙe ka ba. Abin da ba za ta manta ba shi ne ka yatsine fuska ka leƙa cikin kwanon. Gidan sauro kuma ka ɗaura shi tun daren farko, ko da ƙannenka sun yi maka dariya. Wanda hutunsa gajere ne yana iya ganin likita tun a can, domin akwai ƙwayoyin kariya da matafiya ke fara sha kafin su taso, su ci gaba har bayan sun koma.

To, wannan ke nan game da inda kake baƙo. Yanzu ga inda ba ka da wannan uzurin.

Ka taɓa zama ka lissafa abin da zamanka a waje yake ci a gida? A watan Mayu na 2023 aka janye tallafin man fetur, a Yuni aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da ake saye a hukumance wajen Naira 460, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Kuɗin makarantar da mahaifi yake biya da ribar shago ya koma sai an sayar da fili, ko shanu, ko gwala-gwalan uwa. Ko wanda gwamnati ta tura, ya san watannin da alawus ya maƙale, ya kuma san wanda ya cike giɓin. Ba a gaya maka duka ba, domin iyayenmu ba sa son ɗa ya yi karatu da zullumi. Amma idan ka dawo ka ga an rage nama a miya, ko ka ga an mai da ƙanenka daga makarantar kuɗi zuwa ta gwamnati, ka san cewa da kai a cikin dalilan. Mutumin da ya fahimci haka ba zai iya kwana biyu a jere yana barci har hantsi ba.

Wani abu da ke ba ni takaici shi ne kunyar aiki. Ɗalibi a Ingila doka ta ba shi awa 20 a mako ya yi aiki lokacin karatu, kuma da yawa daga cikinku kun cinye awannin nan kuna wanke kwanuka a gidan abinci, kuna jera kaya a rumbun ajiya cikin dare, kuna yi wa tsofaffin da ba ku sani ba wanka da canjin shimfiɗa. Wannan abin yabo ne, halal ce kuka nema. To me ya sa hannun da ya yi wannan a can yake jin nauyin ɗaukar dilar atamfa a Kantin Kwari, ko auna masara da tiya a Dawanau? Dalilin guda ne: can ba wanda ya san ka, nan kuwa kana tsoron a ce wane da ya je Turai ga shi yana dako. Masu faɗar haka ba su biya maka kuɗin makaranta ba. Wanda ya biya yana zaune a shagon, ƙafarsa a kumbure, yana jiran ya ga ko za ka ce, "Baba, ka huta yau, ni zan zauna."

In ka zauna ɗin kuma, ka zauna da niyyar koyo. Na ga matasa da suka karanta harkar kasuwanci, ranar farko a shago suka soma kawo gyara: a daina ba da bashi, a sa komai a kwamfuta, a kori yaron shago. Kafin mako ya zagayo an sallame su cikin mutunci. Littafin bashin nan da kake gani a yamutse, shekara talatin na sanin mutane ne a cikinsa. Mahaifinka ya san wanda yake biya bayan kaka, ya san wanda ake ba kaya ba a rubuta ba, ya san wanda ake yi wa fara'a a hana shi. Ya san lokacin da farashin gero zai karye in sabo ya shigo, ya san dillalin da maganarsa ɗaya ce. Wannan ilimi ba ya cikin manhajar jami'ar da ka fito. Ka yi wata guda kana kallo, kana tambaya, kana ƙirga kaya da hannunka. Bayan nan, idan ka ce, "Baba, in rubuta maka sunayen masu bashi a waya don kada littafin ya jiƙe?" zai saurare ka, saboda ya ga guminka a wurin.

Wanda gidansu na noma ne, aikin yana jiransa tun kafin ya sauka. Yuli da Agusta lokacin firi da maimai ne, da zuba taki, da huɗa, kuma lokacin ne leburori suka fi tsada. Ba na cewa ka ɗauki fartanya ka yi gasa da wanda bai taɓa ajiye ta ba, tafin hannunka zai yi bororo tun kafin azahar. Ka fara da awa biyu da sassafe. Ka kai wa masu aiki abinci, ka tsaya a kan rabon taki, ka je kasuwar ƙauye ka sayo maganin feshi ka karanta abin da aka rubuta a jikin kwalbar, domin da yawa ana fesawa ba tare da an san ma'auni ba, ba kuma abin rufe hanci. A nan karatunka zai yi amfani tun yau.

Masu karatun likita da jinya da haɗa magunguna, ku nemi asibitin gwamnati mafi kusa ku roƙi izinin bin likitoci zagaye. Wanda ya yi karatu a ƙasar da babu maleriya zai iya gamawa bai taɓa ganin yaron da ta taɓa wa ƙwaƙwalwa ba, bai ga mai sikila cikin tashin ciwo ba, bai ga tamowa ba. Waɗannan kuwa su ne marasa lafiyar da za ku duba in kun dawo, kuma kafin a ba ku lasisi sai kun zauna jarrabawar da hukumomin kula da sana'o'inku a Najeriya ke yi wa waɗanda suka yi karatu a waje. Mai karatun injiniya ya je gareji ko wajen masu haɗa sola ya ga da irin kayan da ake aiki a nan. Ke kuma ƙanwata, na san ke ba a barin ki ki zama baƙuwa ko kin so, kwana biyu da sauka an miƙa miki muciya. Ki yi, amma ki zauna da Umma ku tsara yadda za ki samu safiya uku ko huɗu a mako don abin da kike karantawa. Yayyenki da ƙannenki maza su ɗauki nasu kason, ɗebo ruwa da cefane da kai yara asibiti ba su da jinsi.

Sai maganar da ta fi nauyi. Kusan kowane ɗayanku zai tarar da wani ciwo a gida da aka ɓoye masa. A waya kullum "lafiya lau" ake ce maka, in ka matsa a ce "da sauƙi". Sai ka dawo ka ga Baba ya rame, yana tashi fitsari sau da yawa cikin dare, ko ka ga ledar magunguna a ƙarƙashin matashin Umma. Hawan jini da ciwon sukari sun cika gidajenmu, kuma ciwuka ne da ba sa ihu sai sun gama ɓarna. Kada ka tsaya ɓacin rai kan me ya sa ba a gaya maka ba. Ka ɗauki ledar nan ka zazzage ta, ka rubuta sunan kowane magani da lokacin shan sa a takarda da manyan baƙaƙe. Ka raka shi ganin likita, ka shiga ciki tare da shi, ka yi tambayoyin da shi yake jin nauyin yi. Da yawan iyayenmu suna daina shan maganin hawan jini da zarar kai ya daina ciwo, ba su san cewa magani ne na kullum ba. Idan tsarabar da za ka iya kawowa guda ɗaya ce, na'urar awon jini ta fi turare da agogo, in dai ka koya wa wani a gidan yadda ake ɗaura ta.

In kuma ta kai ga kwanciya, kun san yadda jinya take a asibitocinmu. Dangi ne ke sayo magani da safar hannu, su ne ke kai jini ɗakin gwaji, su nemo mai ba da jini, su kawo abinci, su kwana a tabarma a baranda cikin sauro da feshin ruwa. Shekarun da ba ka nan, akwai wadda take yin wannan, yawanci yaya ce ko ƙanwa ko matar wa, ta bar 'ya'yanta da sana'arta. Ba ta taɓa kawo maka ƙara ba. Watannin nan uku naka ne ka karɓe ta. Ka ce, "Yaya, je ki gida ki kwana, ni zan tsaya." Ka koyi yadda ake juya marar lafiya, yadda ake ba shi kunu a cokali ba tare da ya ƙware ba, yadda ake magana da ma'aikatan jinya cikin ladabi ko da ranka ya ɓaci. Kada ka tsaya a tsakiyar ɗaki kana ba da labarin yadda asibitocin waje suke. Waɗanda ke aiki a wurin sun fi ka sanin abin da suka rasa, marar lafiyarka kuma a hannunsu yake.

Za ka ga ana dafa ganyen darbejiya, ana sirace, ana kawo jiƙo daga ƙauye. Iya ko Kaka da ta haɗa, da shi ta raini mahaifinka. In ka ce mata wannan jahilci ne, ka rasa ta, kuma za ta ci gaba da bayarwa a bayan idonka. Ka tsaya kan abu biyu kawai, cikin taushin murya: kada jiƙo ya hana zuwa gwaji, kada kuma a haɗa shi da maganin asibiti sai an gaya wa likita, musamman ga mai ciwon ƙoda ko hanta ko mai juna biyu.

Akwai kuma bashin gaisuwa. Shekarun da ka yi, an yi rasuwa, an yi haihuwa, an yi aure, wani ya yi gobara. Saƙon waya da ka tura daga can ya isar a lokacinsa, yanzu da ka dawo sai ƙafa. Ka zauna da Umma ta lissafa maka gidajen, ka fara da na ta'aziyya kafin na barka, ka fara da tsofaffi kafin abokai. Ka cire takalmi, ka durƙusa yadda aka saba, ka yi gaisuwar da Hausarka cikakkiya. Tsohon da ya ji kana cusa Turanci a kowace jimla ba burge shi kake yi ba, ji yake ka yi masa nisa. Tsaraba kuwa daidai ƙarfinka, kada ka ci bashi a can don a ce ka zo da kaya. Dabino da sabulu da ɗan abin hannu ga tsofaffi sun wadatar.

Ka kula da ɗan'uwanka da bai fita ba. Wataƙila ya fi ka ƙoƙari a makaranta, kuɗin ne bai kai na mutum biyu ba, ko shi aka ga ya fi dacewa ya tsaya a shago. Yana murna da kai da zuciya ɗaya, amma duk lokacin da ka ce "a can ba haka ake yi ba" kana taɓa masa wani wuri. Ƙorafin wuta da zafi da taɓo da cunkoso, shi a ciki yake kwana yake tashi. Ka tambaye shi nasa labarin, ka bi shi wajen aikinsa, ka nemi shawararsa a kan abin da ya fi ka sani, kuma suna da yawa.

Ban manta da waɗanda dawowarsu ba ta hutu ba ce. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023, ɗalibanmu da yawa da ke Khartum sun fito ta hamada zuwa iyakar Masar, wasu ta Port Sudan, suka iso gida ba takardar kammalawa, wasu saura wata kaɗan su gama. Akwai kuma waɗanda tsadar dala ta dawo da su a tsakiyar karatu. Irin wannan dawowa takan zo da ciwon da gwaji ba ya nunawa: rashin barci, ƙin shiga mutane, jin cewa an ci amanar kuɗin iyaye. In kana cikinsu, kada ka kulle kanka a ɗaki. Ka samu babba guda da ka yarda da shi ka faɗa masa abin da ke ranka, in abin ya daɗe ka ga likita, domin damuwa ciwo ce mai magani. Fita aiki kullum da safe, ko da zaman shago ne, yana daga cikin abin da ke riƙe mutum a irin wannan lokaci.

Yana yiwuwa kuma ka yi duk abin da na faɗa, zazzaɓin ya kama ka, ka yi mako biyu a kwance, shirin da ka zo da shi ya wargaje. Kada ka ɗauki wannan asarar hutu. Ka bar Umma ta yi jinyarka yadda take so, ta dama maka kunun tsamiya, ta zauna a bakin gado tana taɓa goshinka, domin shekaru ta yi tana jin muryarka a waya ba ta iya yi maka komai. Ka lura da waɗanda suka zo dubiya, har da waɗanda ba ka kai ga gaisarwa ba, in ka miƙe ka bi su gida-gida ka yi godiya. Kada kuma ka yi gaggawar komawa gona ko kasuwa, maleriya takan bar mutum da ƙarancin jini, jiki yana bukatar abinci da 'yan makonni kafin ya dawo daidai.

Makon ƙarshe kada ya tafi duka a ɗinki da sayen kilishi da yaji. Ka zauna da 'yan'uwanka ku tsayar da wanda zai riƙa sayen maganin Baba kowane wata da inda kuɗin zai fito, da wanda zai riƙa raka shi asibiti. Ka karɓi lambar likitan ko ma'aikacin jinyar da ya san shi. Ka roƙi mutum guda a gidan, wanda ka san ba ya rufa-rufa, ya yi maka alkawarin gaya maka gaskiya in wani abu ya taso. In kana samun ɗan aiki a can, ka faɗi abin da za ka iya turowa, komai ƙanƙantarsa, ka kuma cika.

Bayan ka koma, sauran abu guda. Sauron da ya cije ka a daren sallama, cutarsa a can za ta tashi, wataƙila kana cikin aji a Landan ko Alƙahira ko Istanbul. Likitan can ba lallai maleriya ta zo masa a rai ba, yana iya cewa mura ce ya ba ka maganin ciwon kai ya sallame ka. Duk zazzaɓin da ya zo maka a watannin farko bayan komawa, har zuwa shekara guda, ka je asibiti a ranar, kuma kafin a tambaye ka komai ka ce daga Najeriya ko Nijar ka dawo, ka faɗi ranar da ka baro, ka nemi a yi maka gwajin maleriya.